Sabulun Gishiri a Gida: Yadda Ake Haɗa Shi da Yadda Ake Gwada Turare Kafin a Zuba

Asarar farko da na yi a kan sabulun gishiri, turare ne ya jawo mini ita. Na sayo wani man fure a kasuwa, ƙamshinsa a kwalba har cikin rai, mai shagon kuma ya tabbatar mini cewa masu sabulu shi suke saya. Na haɗa mai da kostik soda, komai na tafiya daidai, na tuttula turaren. Kafin in miƙa hannu in ɗauko gishiri, haɗin ya dunƙule a cikin roba kamar tuwon da ya kwana, ludayi ya tsaya cak a tsakiyarsa. Man kwakwa kusan kilo guda ya tafi a ranar. Tun daga nan ban sake zuba wani turare a babban haɗi ba sai na gwada shi a ƙaramin kofi, kuma wannan gwajin shi ne abin da na fi so ki tafi da shi daga wannan rubutu. Sai dai ba za ki iya gwaji ba sai kin iya haɗa sabulun kansa, don haka daga nan za mu fara.

Abin da ya bambanta shi da sauran sabulai

Gishiri yana kashe kumfa. Manyan masana'antu ma da gishiri suke raba sabulu da ruwan da aka dafa shi, domin sabulu ba ya son narkewa a ruwan gishiri. In kika ɗauki haɗin da kika saba da shi na manja ko man gyaɗa kika antaya masa gishiri, za ki samu dutse mai santsi wanda ba ya kumfa ko kaɗan. Man kwakwa ne ke iya jure gishiri, shi da ɗan'uwansa man alayyadi. Tun da can matuƙan jirgin ruwa sabulun kwakwa suke riƙewa saboda yana kumfa a ruwan teku.

To amma sabulun da kusan duka man kwakwa ne yana da ƙarfin wanki, yana tsotse maiƙon fata. A garin da hunturu ke fasa mana dunduniya da leɓe, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Maganinsa shi ne a rage soda da gangan, yadda kashi 20 cikin 100 na man zai rage bai zama sabulu ba. A sabulun wanka na yau da kullum rarar mai ba ta wuce kashi 5 zuwa 8, amma na gishiri yana ɗaukar 15 zuwa 20 ba tare da ya yi laushi ba. In ya tsumu, za ki same shi fari, da nauyi a hannu kamar dutsen guga, kumfarsa mai kauri kamar madara, kuma yana daɗewa a banɗaki bai lalace ba.

Kayan da za ki tanada

Sikeli ne na farko. Wanda ke nuna giram, mai batir. Na san yawancinmu da kofi da gwangwani muka koyi sabulun wanki, a jiƙa soda ta kwana biyu sannan a auna ƙarfinta. Wannan hanyar ba ta yi wa sabulun da za a goga a jiki. Giram 10 na soda da ya ƙaru a ƙaramin haɗi ya isa ya cinye wani kaso na rarar man da kika bari don kare fata.

Ga awon da nake amfani da shi, zai ba ki sabulu 9 ko 10 masu kimanin giram 100:

Man kwakwa, giram 400
Man kaɗanya, giram 100
Kostik soda, giram 69
Ruwa, giram 140
Gishiri mai laushi, giram 250
Turare, giram 15

Yadda 69 ɗin ta fito: kowane giram na man kwakwa yana cin kimanin 0.183 na soda, man kaɗanya kuma 0.128. Ki ninka, ki tara, za ki samu 86. Ki cire kashi 20 cikin 100, saura 69. Na kawo lissafin ne don ki san cewa kowane mai da cinsa. In kin maye gurbin kwakwa da alayyadi, wanda ya fi sauƙin kuɗi, sodarki ta koma giram 66. Ki nemi farin alayyadi, domin baƙin nan da aka soya yana da warin da zai danne kowane turare. Kada ki musanya mai ki bar sodar yadda take.

Kostik da robobin awo za ki samu wajen masu kemikal a kasuwar Sabon Gari, gishiri a Singa ko kowane kanti, mazubi da bokitai a kasuwar Wambai. Ki faɗa wa mai shago kostik kike so, domin akwai soda-ash, ita kuma wani abu ne dabam, ba za ta mayar miki da mai sabulu ta wannan hanyar ba. Kostik mai kyau busasshiya ce, fara, tana warwatse. In ta dunƙule ko ta yi danshi, ta sha iska, ƙarfinta ya ragu.

Man kwakwa kuwa ki yi masa gwaji kafin ki amince. Na gaskiya yana daskarewa in sanyi ya yi ƙasa da digiri 24. Ki zuba kaɗan a kofin gilashi ki sa a firij. In ya daskare fari fat gaba ɗaya, madalla. In wani sashe ya zauna ruwa a sama, an gauraya shi da wani mai, kuma lissafin sodarki ya riga ya karkace.

Maganar gishiri tana da ɗan tsawo a wajenmu, tunda Kano ta daɗe da sanin gishiri iri-iri, tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauke kantun Bilma. Duk da haka, na sabulu shi ne gishirin girki na leda, mai laushi. Sinadarin ayodin da ke cikinsa ba ya hana komai. Kantu da manda da mangul suna ɗauke da ƙasa da wasu ma'adinai. Kanwa ba ta shiga. Gishirin lalle ma haka. Gishirin Epsom da wanda ake kawowa daga Tekun Gishiri na Jodan suna da maganeziyam, sabulu zai riƙa tsatsafar da ruwa ya ƙi bushewa. Mai manyan ƙwayoyi kuma yana yankar fata, ko kin daka shi bakinsa na nan da kaifi. Ki murza gishirin tsakanin yatsunki. In ya yi miki kaushi a yatsa, zai fi haka a wuya da hammata.

Ruwa: na rijiya da na burtsatse a unguwanni da yawa yana da nauyi, wato ma'adinai sun yi masa yawa. Ruwan batir wanda ba a sa wa asid ba, wato tataccen ruwa, shi ya fi. In babu, ruwan sama da aka tace ko ruwan gora ya wadatar.

Kafin ki taɓa soda

Ki sa safar hannu ta roba, da tabarau mai rufe ido, da riga mai dogon hannu. Ki ɗaure mayafi ko hijabi yadda ba zai leƙa cikin roba ba. Ki yi aikin a tsakar gida inda iska ke wucewa. Kada tukunyar dalma ko wani abu na alminiyum ya kusanci soda, tana cin sa tana fitar da iska mai kama wuta. Ki yi amfani da ƙarfe mara tsatsa, ko roba mai kauri da ke da lamba 5 a gindinta. Kayan nan kuma sun bar kicin ke nan har abada.

Ina roƙonki da Allah, kada ki taɓa ajiye ruwan soda a gorar ruwa, ko kofin sha, ko buta. Idonsa ɗaya da ruwan sha. Yaro mai ƙishi ba zai tambaya ba, kuma kurɓi ɗaya na iya ƙona maƙogwaro ƙunar da za a yi shekaru ana jinya. Ranar haɗi yara su tafi makaranta ko maƙwabta. In tsautsayi ya sa wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja, a wuce asibiti nan take. In ta fallatsa a fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15, na ido kuma a kai wa likita ko da zafin ya lafa.

Haɗin kansa

Ki auna komai ki jera tukuna: gishiri a kwano, turare a kofin gilashi, mazubi a kan faranti. Sabulun gishiri ba ya jira, in kin fara babu damar tashi neman wani abu.

Ki auna ruwa a roba, ki riƙa barbaɗa soda a cikinsa kaɗan-kaɗan kina juyawa. Soda ake zubawa a ruwa, kullum haka. In aka juya, tana iya tafasowa ta fantsamo fuska. Ruwan zai yi zafi sosai, ya yi hazo, ya fitar da tururi mai shaƙe hanci. Ki kawar da fuskarki. Ki juya har ƙwaya ɗaya ba ta rage a ƙasa ba, ki ajiye inda hannu ba ya kaiwa ya huce.

Ki narkar da man kaɗanya a wuta kaɗan, ki sauke, ki zuba man kwakwa a kai. Da bazara man kwakwa ruwa ne da kansa, da hunturu sai kin ɗan ɗumama shi. Abin da ake so, mai da ruwan soda su sauko wajen digiri 35 zuwa 40. In ba ki da ma'aunin zafi, ki taɓa bayan robar: ɗumi kamar na jikin mutum. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, ni bayan sallar asuba nake haɗawa, domin zafi yana ƙara wa haɗin gaggawa.

Ki tsiyaya ruwan soda a cikin mai. In kina da blandar hannu, ki nutsa kanta ƙasa, ki kunna daƙiƙa biyar, ki kashe, ki juya da ita, ki sake. In an ɗauke wuta, abin kaɗa ƙwai na ƙarfe zai yi, sai dai hannu zai gaji. Abin da kike jira shi ne mai ya daina yawo a sama, haɗin ya zama launi ɗaya, kaurinsa kamar koko mai ruwa-ruwa. In kin ɗaga ludayi kin ɗiga, ɗigon zai ɗan zauna a sama kafin ya nutse. Nan za ki ajiye blanda.

Ki zuba turare, wanda kin riga kin gwada, ki juya da ludayi. Sannan gishiri, gaba ɗaya, kina juyawa. A nan ake samun kuskure biyu. In haɗin ya cika ruwa, gishirin zai zauna a ƙasa, sabulu ya fito rabi gishiri rabi mai. In kin bari ya kai kaurin talge, ba zai shiga mazubi da kyau ba, zai bar ramuka. Ki ci gaba da juyawa har ki ga in kin ɗebo daga sama da daga ƙasa gishirin daidai yake, sai ki zuba. Ki bubbuga farantin a ƙasa iska ta fita.

Shawarata ki yi amfani da mazubi mai gida-gida, na silikon, ko kofunan yogot masu lamba 5. Washegari ki fitar, babu yanka. In doguwar mazuba kika yi amfani da ita, ki zauna kusa. Cikin awa 1 zuwa 3 zai yi tauri, kuma dole ki yanka shi yana da ɗumi, da safar hannu, lokacin da ya yi kamar awara mai tauri. In kika bar shi ya kwana, wuƙa za ta farfasa shi ne kawai. Ba ya bukatar lulluɓi da bargo, man kwakwa yana haifar da zafinsa.

Da hannunki ya saba, za ki iya ƙara gishirin zuwa giram 400 ko 500. Ni 250 na fi so, kumfarsa ta fi yawa.

Gwajin turare

Mu mutanen turare ne. Daga humra zuwa turaren wuta, hancin macen Kano ya san mai kyau. Amma hanci yana gaya miki yadda turare yake a kwalba ne, ba ya gaya miki abin da zai yi in ya gamu da soda. Soda tana canza wasu ƙamsoshin, tana kashe wasu, wasu kuma su ne ke hargitsa sabulun.

Tun a shago za ki rage wahala. Turaren fesawa da duk wanda aka sirka da sifirit ba ya shiga, shi ne kan gaba wajen daskarar da haɗi. Humra ma ki bar ta a jiki da tufafi, tunda haɗe-haɗe ce kuma sau da yawa akwai na fesawa a ciki. Turaren mai na shafawa, irin na 'yan ƙananan kwalabe, galibi an tsinka shi da wani ruwa mai ɗauke ƙamshi, wanda zai iya sa haɗi ya yi gaggawa, ƙamshin kuma ya fito da rauni. Ki nemi tsantsar man ƙamshi, ki sayi mafi ƙanƙantar awo da za a sayar miki na iri biyar ko shida. In kwalbar kamfani ce, ki duba ko an rubuta iyakar abin da ake sa wa sabulu. Akwai ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, da ke fitar da irin wannan ƙa'ida, kuma in an rubuta, ita za ki bi.

Ranar gwaji ki yi haɗin nan na sama daidai, amma ki dakata kafin turare da gishiri. Nauyinsa zai kama giram 700 da 'yan kai. Ki jera kofuna 7, ki rubuta wa kowanne lamba a jiki da alƙalamin da ba ya gogewa. Ki tsayar da kaɗawa da wuri, da zarar mai ya daina rabuwa, domin kina bukatar lokaci. Ki zuba giram 100 a kowane kofi. A cikin giram 100 ɗin akwai mai kimanin giram 70, don haka turarensa giram 2 ne, gishirinsa giram 35. In sikelinki ba ya kama giram 2 da kyau, sirinji ya fi: mililita 2. Kowane turare da sirinjinsa da cokalinsa.

Kofi na 7 kada ki sa masa turare. Shi ne shaidarki. Da shi za ki gane ko launin da ya canza daga turare ne ko daga manki, ko kaurin da ya zo da sauri halin turaren ne ko zafin ranar ne.

Ki ɗauki kofi na 1, ki zuba turare, ki juya da cokali, ki zuba ido minti ɗaya cur kafin ki sa gishiri. Wannan mintin shi ne gwajin. Wani turaren ba zai yi komai ba, haɗin na nan sumul; irinsa ake nema. Wani zai sa ya yi kauri a hankali, za ki iya aiki da shi in kin yi sauri. Wani zai fitar da gudaji ƙanana farare kamar dafaffiyar shinkafa. Wani zai sa mai ya taso ya kwanta a sama. Wani kuma zai kama cokalin kafin ki ƙirga goma. Ƙamshin furanni irin su wardi da yasmin, da na kayan yaji irin su kanumfari da kirfa, su suka fi yawan gaggawa da ɗaga zafi, kanumfari da kirfa kuma suna iya yi wa fata zafi in sun yi yawa. Ki rubuta abin da kika gani nan take, a littafi, da sunan turaren da shagon da ranar. Sannan gishiri, sannan kofi na gaba.

Mai gudaji ko mai raba mai, wani lokacin blanda tana gyara shi a babban haɗi. Amma a sabulun gishiri, inda dama lokaci ya yi ƙaranci, ni ajiye shi nake in yi turaren ɗaki da shi.

Sauran gwajin na haƙuri ne. Ki duba kofunan washegari, ki sake dubawa a rana ta 7, sannan a rana ta 30. Launi: duk turaren da ke da sinadarin banila a ciki zai mayar da farin sabulu ruwan ƙasa, wani har ya kai launin cakulan, kuma a hankali yake yi, daga waje zuwa ciki. Yawancin ƙamsoshin nan masu zaƙi, da wasu haɗin udu da ambar, suna ɗauke da shi ko ba a faɗa ba. Ba illa ba ce ga fata, amma in farin sabulu kika yi wa mai saye alkawari, gara ki sani tun yanzu. Ƙamshi: lemo da lemon tsami suna tashi da wuri, wata guda sai ki ji kamar ba a sa ba. Sandal, miski da udu sun fi zama. Akwai kuma wanda a kwana ukun farko zai yi wani wari har ki fid da rai, bayan mako biyu ya dawo daidai. Saboda haka kada ki yanke wa kowane kofi hukunci kafin wata.

In za ki shinshina, ki raba kofunan, kada su kwana a kwali ɗaya, ƙamshi yana ratsa juna. Ki jiƙa sabulun ki murza, domin ƙamshin busasshe dabam, na cikin kumfa dabam. Ki ba mutum biyu ko uku na gida su ji ba tare da kin gaya musu sunan ba. Wanda ya tsallake duk wannan, ki wanke cikin damtsenki da shi, ki jira kwana guda ki ga ko zai yi ja ko ƙaiƙayi. In ƙamshin ya yi kyau amma ya yi rauni, a gwaji na gaba ki ɗaga shi zuwa giram 3 a kofi, kada dai ki wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin mai.

Shanya da ajiya

Ki jera sabulun a kan kwando na roba ko katako da aka shimfiɗa wa ƙyalle, da tazara tsakaninsu, a inuwa, inda iska ke shiga. Ban da rana, ban da faranti na ƙarfe, gishiri yana sa tsatsa. Ki riƙa juya su duk mako. Mako 6 shi ne mafi ƙaranci, amma wanda ya yi wata 3 ya fi shi nesa ba kusa ba, kamar dai yadda humra ke ƙara daɗi in ta tsumu. Farin gari da kan fito a samansa ba komai ba ne, wanka ɗaya zai tafi. In kina da takardar gwajin pH, wadda ke nuna ƙarfin soda a sabulu, ki jiƙa sabulun ki ɗora a kumfar, 9 zuwa 10 ake so.

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar Kano busasshiya ce, lokacin ya fi kowanne dacewa da wannan sabulu. Ki rufe shi da yadi mara nauyi saboda ƙura. Da damina kuwa, musamman Agusta, gishiri yana jan danshi, za ki tashi ki ga sabulun ya yi gumi. Ki goge da tsumma, ki kunna masa fanka, kada ki naɗe shi a leda yana jiƙe.

Wajen amfani, ki murza shi a hannu ko a soso ki yi wanka da kumfar, musamman kwanakin farko kafin bakinsa ya yi sumul. Kada ya taɓa ciwo, ko wurin da aka yi aski, ko jikin jariri. Da hunturu ki bi shi da man shafawa. In za ki sayar, ki rubuta abin da ke ciki da ranar haɗi a jikin kowanne, kada ki ce yana warkar da cuta ko yana sa fari, kuma ki nemi rajistar NAFDAC kafin ki kai shi kanti. Daga kowane haɗi ki ware guda ɗaya, ki rubuta masa lambar da ke littafinki, ki ajiye a gida. In mai saye ta dawo bayan wata huɗu ta ce ƙamshin ya gudu, sai ki ɗauko naki ki jiƙa ku ji tare.